Bidi a Gindin Tudu

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya ke da maigidan da yara, kuma ƙafar nan taki ta daina kumburi. Mu nan da sauƙi, mun gode Allah. Na ga kiranki a waya ban ɗauka ba, kada ki yi fushi da ni. In na ji muryarki sai in fashe da kuka, ke kuma ki yi ta zagin layi kina cewa ba kya ji, alhali layi ba shi da laifi. Shi ya sa na ce bari in koma takarda. In rubutun ya karkace ki yi haƙuri, kin san inda karatuna ya tsaya.

Kin ce in gaya miki gaskiyar yadda nake. Ina cin abinci, ina ɗinki, barci ma yakan zo. Labulen asibitin nan da na karɓa kafin rasuwar maigidana na gama na kai musu. Gidan ne dai ya yi mini girma, ɗaki biyun nan na saman shagon masu faci da muka daɗe muna ƙorafin ƙanƙantarsu. Takalminsa na zuwa barga yana nan bayan ƙofa. In na zo shara sai in ɗaga in share in mayar, ban san me nake jira ba.

Abin da ya sa na rubuto miki maganar Bidi ce, goɗiyar marigayi. Ita ce wadda ta tauna miki gefen mayafi ranar da ya kai mu ganinta. Tana nan a bargar ƙungiyarsu ta masu doguwar tafiya da dawaki, bayan gidan ruwa inda yake gyaran famfo. Tun da na fita takaba nake zuwa kullum da safe in goge ta in ba ta dusa. Satin jiya sakataren ƙungiyar ya same ni a can, ya yi ta kame-kame yana murza hularsa kafin ya fito da maganar. Ashe suna da doka. Ɗakin barga na dokin da yake fita gasa ne. Duk wanda shekara ta zagayo bai kammala tafiya ko ɗaya ba sai a ba wani ɗakin, don masu jira suna da yawa. Bana kuwa jinya ta hana shi fita da ita. Gasa ɗaya ta rage a shekarar. Kuma mahayi dole ya zama na cikin gidan mai dokin, mata ko ɗa, ba a aro daga waje.

Kin san 'yarki ta wajena cikinta ya tsufa. Ɗanki yana can wurin aikinsa, ko yana gida ma shi da ya hango doki yake canza hanya. Saura ni.

In ba a kammala ba, Auta ƙanin marigayi zai ɗauke Bidi ya kai gonarsa. Kada ki ɗauka mugunta ce, bawan Allahn nan shi ya yi ta ɗawainiya da mu a asibiti. Da na yi masa maganar dariya ya yi, ya ce, “Matar yaya, bene za ki hau da ita ki ɗaure a ƙafar keken ɗinki?” Gaskiya ya faɗa. Gonarsa akwai fili, akwai ciyawa, akwai rafi. Sai dai tafiyar wuni ce a mota, in ta tafi na san ni da ita sai an daɗe. In na zauna na yi tunani da hankalina sai in ga can ya fi mata. Amma washegari da na ga sakatare sai na ji bakina ya ce ya rubuta sunana a gasar. Wallahi Yaya ban shirya faɗa ba. Ya tsaya yana kallona, ni ma na tsaya ina kallonsa.

Na san abin da za ki ce. Na iya hawa, shi ya koya mini farkon aurenmu, amma rabona da sirdi tun 'yarki tana goye. Ban san ko don Bidi nake yi ba ko don kaina. Abin da na sani, in na shiga bargar nan na shaƙi warin ciyawa da man sirdi, warin da yake shigo mini da shi gida ke nan, har in yi ta mita in ce ya cire rigar a waje. Yanzu babu sauran inda nake samunsa.

Wani abu kuma ya ɗaure mini kai. A barga ba sa kiransa da sunansa, Sarkin Wutsiya suke ce masa. Su faɗa su yi dariya, in sun gan ni su yi shiru su ce Allah ya jiƙansa. Ni ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ina son in tambaya, kunya ta hana ni. A ce mace ta tsufa a ɗakin mutum sannan ta je tana tambayar bare ma'anar sunan mijinta? Kuma ina tsoron kada ya zama irin wasan maza ne da bai kamata in ji ba.

Ki gaishe mini da maigidan da yara. Ki riƙa ɗora ƙafar a kan matashi in kin zauna. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
'Yar Gajera

*

Yayata,

Da fatan takardar nan za ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafa, yaya ƙoƙari da yara? Amsarki ta iso, faɗan na ji shi kamar kina tsaye a kaina da hannu a ƙugu. Kin ce in na karye wa zai yi jinyata. Kin ce me mutane za su ce. Yaya, mutanen sun riga sun faɗa. Masu facin ƙasa kullum in na sauko da hular kwano a hannu sai su miƙe su sara mini, su ce soja a dawo lafiya. Kuma ba ni kaɗai ce mace a ƙungiyar ba, akwai malamar makaranta, akwai mai sayar da magani.

Gasar ba irin sukuwar da kike zato ba ce. Tafiya ce tun fitowar rana har gab da faɗuwarta, cikin daji da gonaki, zagaye uku, kowane zagaye a dawo sansani. Da ƙyallaye ake gane hanya, ana ɗaura su a rassan itace, kowane zagaye da launinsa. Duk dawowa sai likitan dabbobi ya saurari bugun zuciyar doki, ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, sannan mutum ya riƙe ragama a ƙasa ya yi sassarfa da dokin ya je ya dawo, likita ya ga ko yana ɗingishi. Wanda ya kasa an cire shi. Har wanda ya riga kowa isowa, in likita ya girgiza kai, wahalar banza ya sha. Na ce wa sakatare wace irin tsere ce wannan da na ɗaya zai iya zama bai zo ba? Ya ce ni dai in shigo kafin a rufe lokaci, likita ya yarda, iyakar abin da ya shafe ni ke nan. Ya maimaita mini bayanin ina gyaɗa kai, ina fita rabinsa ya zube.

Kullum muna fita ni da Bidi ta bakin magudanar ruwa, hanya shimfiɗaɗɗiya kamar teburin yanka, mu je mu dawo. Satin farko da rarrafe nake hawa bene. Yanzu cinyoyin sun fara sabawa. Babbar matsalata tsawo. Ƙafata ba ta kai likkafa daga ƙasa, sai na jawo ta kusa da bulo na taka. Ita ba ta da rigima, amma wani lokaci takan waiwayo ta dube ni sama da ƙasa ta sauke numfashi, irin yadda nake yi in an kawo mini yadin da bai isa taga ba.

Kin tambaye ni ko na taɓa ganin yadda yake yi a gasar. Ban taɓa ba. Ranakun su ne ranakun da masu labule suke zuwa awo. In ya dawo a gajiye na tambaye shi sai ya ce an yi ƙoƙari, in ɗora masa ruwan zafi. Iyakar sanina ke nan.

Auta ne zai kai mu da motarsa ta ɗaukar shanu, shi ne kuma zai tsaya mini a sansani da ruwa da ciyawa, don ba ni da wani. Ya ce in haɗa kayan Bidi duka, bokitai da bargo da burushi, kada a yi tafiya biyu. Na gane nufinsa. Daga wurin gasar hanya biyu ce, ɗaya ta dawo barga, ɗaya ta wuce gona. Na haɗa kayan. Ina ninke bargon ina jin haushinsa, ina kuma jin ya fi ni hankali.

Jiya na sayo burodi na mutum biyu, sai a tsakiyar bene na tuna. Na ba masu faci ɗaya.

Jibi ne tafiyar. Ki gaida kowa da kowa, ki ce wa maigidan na gode da addu'arsa. Ke ma ki bar faɗan haka ki koma addu'a.

Taki,
'Yar Gajera

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fata jiki da sauƙi kuma yara suna lafiya. Ni ce na hana 'yarki ta gaya miki komai a waya, na ce da kaina zan faɗa. Ki yi haƙuri da rubutun, tafin hannuna a naɗe yake da bandeji, da kan yatsu nake riƙe biro. Kuma kada ki tsallaka ƙarshe ki karanta, na san halinki. Ki biyo ni daga farko, wataƙila a hanya ni ma in gane abin da ya faru.

Mun isa fili cike da motoci da tantuna da dawaki, kowa ya san abin da yake yi ban da ni. Aka ba ni riga mai lamba, ta kai mini gwiwa. Auta ya haɗa hannu na taka na hau, ya ce in zan faɗo in nemi wuri mai yashi. Da aka ba da izini dawaki suka zabura, Bidi ta bi su, na damƙe geza ina ta salati. Zagayen farko na jan ƙyalle ne, ta bakin kogi, hanya a shimfiɗe irin wadda muka saba. Muka dawo, likita ya saurara, na yi sassarfa da ita da ƙafata, ya ce mu wuce. Har na fara jin kaina wata ce.

Zagaye na biyu na shuɗin ƙyalle shi ne ya shiga tuddai. Babu wanda ya gaya mini, ko kuwa an faɗa yana cikin rabin da ya zube. Muna isa gindin tudun farko Bidi ta ja ta tsaya cak. Na zungure ta da dunduniya, ko gezau. Ta waiwayo ta dube ni, ta ɗan ɗaga wutsiya. Na ce fitsari take ji, na jira. Shiru. Mahaya suna ta wuce ni kowa da fara'a. Wani ya ɗaga mini hannu ya ce, “Sai ka ce yana nan!” Malamar makarantar ta ce, “Allah sarki, ba ta manta ba.” Babu wanda ya tsaya. Me ba ta manta ba? Sai zuciyata ta ba ni cewa ta gane yau ba shi ne a kanta ba, ta yi haƙuri da ni iya haƙurinta, yanzu ta ƙi ni. Na kifa kaina a gezarta na yi kuka, ina ba ta haƙuri, ina gaya mata ni ma ba haka na so ba. Ita kuwa ta sa baki tana tsinkar ciyawa.

Da na ga rana tana tafiya sai na sauka, na shiga gabanta na ja linzami. Ta biyo ni amma da ƙyar, tana tunkuɗa ni da hanci tana neman wuce ni, ni kuma ina tare ta don kada ta gudu ta bar ni a daji. Muka kai sama numfashina kamar zai ɗauke. A saman kuma ba bulo ba dutse. Na yi ta tafiya a ƙasa ina neman abin takawa har na samu kututture. Tudu na gaba ma haka muka yi. Zuwa lokacin sawun dawaki kaɗai nake gani, kowa ya wuce.

Sai muka zo wani babba, wanda in ka ɗaga kai hular kwano sai ta zame baya. Ta tsaya. Na sauka na zauna a ƙasa riƙe da linzami, na ce a raina shi ke nan, gona ta samu. Can na ji tafiyar doki a bayana. Wata dattijuwa ce a kan wani tsohon doki mai faɗin baya, da buhu a rataye a sirdi. Ita ce mai bin baya tana kwance ƙyallaye daga itace, duk wanda ta cim masa lokacinsa ya kusa ƙarewa. Ta dube ni ta dubi Bidi ta ce, “Ke 'yar nan, zaman me kike yi? Dabba ta tsaya tana jiranki, ke kin zauna kina jiranta, wa zai raba ku?” Na ce Inna ƙi na ta yi. Ta ce, “Ƙi? Ba ke ce matar Sarkin Wutsiya ba?” Na ce ni ce, kuma don girman Allah ta gaya mini ma'anar sunan nan, don ban sani ba. Ta gyara zama a sirdi ta ba ni labari.

Ashe, Yaya, mutumin nan bai taɓa hawan tudu a kan Bidi ba. Cewa yake shi mai nauyi ne, ba zai ɗora mata kansa a hawa ba. In sun zo gindin tudu sai ya sauka, ya kwance linzami gefe ɗaya don ya yi tsawo, ya koma bayanta ya kama wutsiya, ita ta ja shi har sama. Wasu ma suna yin haka a babban tudu, shi kuwa ko ɗan tudun da akuya za ta raina sai ya sauka. Shi ya sa bai taɓa zuwa cikin na gaba ba, kullum shi da dattijuwar suke shigowa a ƙarshe suna hira. Duk ƙungiyar sun ɗauka na sani. Waɗanda suka wuce ni a tudun farko sun zaci sauka zan yi in kama.

Na ce za ta shure ni. Inna ta ce in ta shure ni in zo in rama a kanta. Ita ba ta iya sauka don gwiwarta ta lalace, daga sama ta yi ta ba ni umarni kamar mai koyar da tuƙi. Na yi bismillah na kama wutsiyar na naɗe a hannu. Ban ma buɗe baki ba Bidi ta sa kai. Ta ja ni kamar guga daga rijiya. Ba na ganin komai sai cinyoyinta da kofato da tsakuwa tana gangarowa ta gefen ƙafata, gashin wutsiya yana yanka mini tafi.

A tsakiyar tudun na tuna hannayensa. Shekara da shekaru in ya dawo ina shafa masa mai a tsagar tafin hannu, ina cewa ƙarafan famfon nan sai sun gama da kai, shi kuma ya ce uhm. Bai yi mini ƙarya ba, ni na faɗa, shi bai gyara ba. To me ya sa bai gyara ba? Kunya yake ji in san yana bin bayan doki a ƙasa? Ko shi ma ya ɗauka na sani? Ina hawa ina tambayarsa da ƙarfi, Inna tana ce mini in rufe baki in adana numfashi. A sama ta nuna mini in tsayar da Bidi a cikin kwarin hanya ni in tsaya a gefen da ya fi tudu. Ashe ba sai da kututture ake hawa ba.

Da muka dawo sansani na tarar da Auta yana ta kai da komo. Ya kwara wa Bidi ruwa, ya miƙo mini shayi, bai yi mini tsiya ko ɗaya ba, abin da ya fi komai tsorata ni ke nan. Likita ya ce mu wuce. Sakatare ya dubi agogo ya dubi rana ya ce in zan fita in fita yanzu. Zagaye na ƙarshe na farin ƙyalle gajere ne amma tuddai sun fi yawa. In sauka, in kama, in hau tudu, in nemi kwari, in hau sirdi. Bidi ta saki jiki, kunnuwanta gaba, kamar sai yanzu ta gane da wa take tafiya. Ni kuwa ƙafafuna suka daina zama nawa.

Mun shigo rana ta yi ja. An kwashe tantuna, an riga an ba masu nasara kofi sun tafi. Saura likita da sakatare da Auta, sai Inna a bayana da buhunta. Sakatare ya ce na shigo cikin lokaci, da ƙyar. Na zame daga sirdi sai ga ni zaune a ƙasa. Na ɗauka an gama. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce zuciya lafiya, saura sassarfa, ba a rubuta an kammala sai da ita. Na dafa ƙasa na miƙe, na riƙe ragama, na ɗaga ƙafa, na zube a gwiwa. Na sake, na sake zubewa. Likita ya ce doka ta yarda wani ya gudu da ita, ba dole sai mahayi ba. Amma shi da sakatare alƙalai ne, ba su da izini. Inna kuwa ga gwiwa. Babu wanda ya juya wajen Auta, amma kowa ya san inda yake tsaye. Yana jingine da motarsa hannu a aljihu, ya riga ya sauke ƙofar baya. Ban roƙe shi ba. Da wane baki?

Sai ga shi a kaina. Ya ce, “Ba ni igiyar nan, matar yaya, kin ishe mu da faɗuwa.” Kin dai san Auta da tumbi, ga takalmin fita mai santsi a ƙafarsa. Da farko jan ta kawai ya yi, tana binsa da tafiya. Likita ya ce bai ga komai ba, a sake. Ya tsaya dafe da gwiwa yana haki. A nan da ya ce ya gaji, babu mai ganin laifinsa. Ya cire takalman ya jefar, ya naɗe ƙafar wando, ya yi mata wata 'yar ƙara da harshe, ya zura da gaske. Bidi ta bi shi, ƙafafunta suna sauka daidai. Da na gan shi ta baya, Yaya, kafaɗun nan da yadda yake karkata kai in yana gudu, sai da na runtse ido na buɗe. Ban taɓa lura yana kama da marigayi ba. Likita ya ce ta kammala.

Muka sa Bidi a mota, Auta ya ja. Da muka zo mararraba ya ɗan rage gudu, sannan ya karya kan motar ya kama hanyar gari. Shi ya sauke ta, ya kai ta ɗakinta, ya mayar da bokitai da bargo inda suke. Sai da zai tafi yake cewa wai ya riga ya gina mata rumfa a gona, ya rufa da kwano, ya kafa mata kwamin ruwa. Ya ce ba komai, awaki za su samu. Ya yi dariya amma bai dube ni ba. Sai a lokacin ya faɗo mini cewa shi ma yayansa ne ya rasu, kuma shi ma Bidi yake so ya riƙa gani da safe.

To Bidi tana bargarta, sakatare ya ce har shekara ta zagayo babu mai taɓa ɗakin. Na ɗauka in na kammala wani abu zai sauka daga ƙirjina. Bai sauka ba. Yau da safe na lallaɓa na je da sanda, na tsaya ina kallon ƙanƙantar ɗakin ina tunanin rumfar can da filinta da rafi. Ban san ko ci na yi ko ƙwace na yi ba. Har yau ban yi wa Auta godiya ba, in ɗauki waya in ajiye. Ke kin fi ni iya magana. Don Allah ki rubuto mini abin da ake ce wa mutum in ya yi haka.

Ki gaishe da maigidan da yara, ki ce musu ƙashina bai karye ba ko ɗaya. Allah ya ƙara wa ƙafarki sauƙi, ya jiƙan wanda muka rasa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
'Yar Gajera